Ƙafar yayana a gonar aya

A ƙauyenmu na kusa da Cadawa, in aya ta nuna sai a cinna wa ciyawarta wuta, sannan a tone ƙasa a tankaɗe. Aiki ne mai cin baya. Yayana ne ke riƙe da gonar tun rasuwar babanmu, kuma a shekarar nan kowa na yabonsa don bai san gajiya ba. Ban san kowace safiya da tramol yake shan shayinsa ba, ƙwayar nan da ƴan talla ke kawowa ran kasuwa.

Wata rana da hantsi na kai masa fura. Yana tsaye cikin toka yana zolayata, sai na ji ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Na duba ƙasa. Ashe wani kututture ne ke ci a ƙarƙashin tokar, takalminsa na roba ya narke ya manne da diddigensa.

"Yaya, ƙafarka."

Ya ɗaga ta ya duba kamar ƙafar wani. "Tun ɗazu nake jin ɗan zafi," in ji shi, "amma bai dame ni ba."

Ƙwaryar ta suɓuce mini. Ƙunar ba ta tsorata ni kamar fuskarsa ba, don ko gezau bai yi ba.

Wani maƙwabci ya kai mu gidan likita a kan babur. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ƙafar, ya duba idanunsa, ya tambaye shi me yake sha. Yaya ya sunkuyar da kai ya faɗa.

Na ce, "Likita, ta yaya wuta za ta ci mutum ya tsaya yana wasa?"

Ya ajiye almakashi. "Ƙanwata, ƙafa ta aika saƙo. Jijiya ke ɗaukarsa ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa, can ne ake jin zafi. Jiki na da nasa maganin da ke rage saƙon in abu ya tsananta, akwai kuma wuraren da yake kamawa. Ƙwayar nan ta yi kama da shi, sai ta je ta kama wuraren. Saƙo kaɗan ke wucewa, wanda ya wuce ma ƙwaƙwalwa ba ta damu da shi ba. Wutar kuwa aikinta take yi." Ya ce in ƙwayar ta yi yawa har numfashi take ragewa, wani kuma ya faɗi yana shure-shure.

Abin da ya fi girgiza ni ya zo ran wankin ciwo. Majo ya ba shi magani dangin ƙwayar, daidai awon da ke isar kowa, amma bai kama shi ba, don jikinsa ya riga ya saba da fiye da haka. Mutumin da ya tsaya kan garwashi yana raha, sai ga shi ya cije hannun rigarsa, hawaye na bin gemunsa. Ni na riƙe masa gwiwa har aka gama.

A hankali aka yaye shi daga ƙwayar. Ya sha gumi da zawo, ƙasusuwansa na ciwo, abu kaɗan sai faɗa. Ƴaƴan baffanmu ne suka ƙarasa tonon ayar. Ƙafar ta warke kafin damina, sai dai har yau a kan yatsu yake taka ta, kuma kafin azahar yake dawowa daga gona.