Ƙwaryar Kindirmon Rabi

Shekara tara ke nan da muka kai matata Rabi makwancinta, can bayan gonakin gero na hanyar Minjibir. Har yau idan ƙamshin kindirmo ya bugi hancina sai na waiga.

Ni littattafan soyayya na kasuwa ne suka rene ni. Nakan karanta mata tana tace madara, in kira ta farin watan zuciyata. Sai ta ce, "Malam, wata ba ya dama fura. Miƙo min ludayin nan." Kullum takan rage ɗan nonon jiya ta zuba a sabuwar madara, ta rufe da faifai. Cewa take akwai 'yan aikinta a ciki, ido ne ba ya ganinsu.

Da ta fara ganin jini a bayan gida, duk muka ce basir ne. Kunya ta rufe mana baki, muka yi ta jiƙo da sassaƙe har damina ta zagayo. Ranar da muka isa asibiti a birni aka ce kansar hanji ce, kuma ta yi nisa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwanan baya na ji a rediyo masu bincike suna sarrafa ƙananan halittu masu amfani, kwatankwacin waɗanda ke kama kindirmo, domin idan an haɗiye su su nemo ƙari a hanji, su ba da alama, har su kai masa magani. Gwaji ake yi tukuna, bai iso gare mu ba. Ina ma Rabi ta ji! Na san dariya za ta yi: "Ashe 'yan aikina boko suka shiga?"

Bana babbar 'yarmu Hadiza ta raɗa wa kakarta, Inna, cewa ita ma ta ga jini. Inna ta ɗora tukunyar sassaƙe. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni, tukunyar nan ta cinye mana mutum ɗaya." Washegari muka hau motar birni. An sami ɗan tsiro, an cire shi tun bai zama komai ba.

Me ya rage na Rabi? Jiya na tarar da Hadiza tana zuba nonon jiya a sabuwar madara, irin da bai taɓa yankewa ba tun daga hannun uwarta. Na buɗe baki zan yi kalaman littafi, ta ce, "Baba, miƙo ludayi."

Na miƙa. Allah ya kai haske kabarinki, Rabi.