Ambulan Na Talatin da Bakwai

Ku da kuka fara aiki bana, bari in ba ku labarin ranar da na kusa kora kaina da hannuna, don har yau ban manta da ita ba.

Shekarata ta farko ke nan a ɗakin adana iri a nan Beltsville ta Amurka, ina ƙaramin ma'aikaci na gwaji. A watan Yuli shugabarmu, Dakta Helen, ta tafi da ni tsaunukan Wyoming tattaro irin sainfoin. Ciyawa ce dangin wake mai fure ja-ja, dabbobi na son ta kamar harawa. A can ta bazu a daji, ba mai shuka ta. Rahoton Dakta bayan tafiyar shi ne zai nuna ko za a tabbatar da ni a aiki.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka yi taku goma, tsiron da ka tarar a gabanka ka ɗebi 'ya'yansa, ka zuba a ambulan, ka rubuta lamba da wuri. Haka har tsiro hamsin.

To ni ɗan manomi ne daga Pankshin. Tun ina yaro Mama ta koya mini cewa zangarniya mafi girma ake warewa don iri. Saboda haka na riƙa taku goma, in na tarar da wani ƙanjamamme sai in ƙara uku zuwa ga mai ƙiba. A raina gyara nake wa Turawa aikinsu.

Da rana ta yi sanyi na kawo jakata ina washe baki. Dakta ta buɗe ambulan biyar, ta dube ni.

"Bitrus, duk dutsen nan ba mara lafiya ko ɗaya?"

Na ce, "Akwai su da yawa, Dakta. Na bar su."

Ta yi dariya har ta zauna a kan dutse. Ta ce masu ƙiban nan a kwari suke, inda ruwa ke taruwa. Wanda ya rayu a tsagar dutse ba ruwa, shi muka zo nema. Gobe da rana jirginmu zai tashi, don haka da safe in sake hawa in ɗebo sabo.

Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Washegari na hau dutsen nan ina haki, ina ƙirga taku da ƙarfi kada idona ya yaudare ni. Na talatin da bakwai wani ɗan tsiro ne bai kai tafin hannuna ba, kwanso huɗu kacal. Na kwashe su ina ba shi haƙuri.

An tabbatar da ni a aiki. Da na kira Mama na ba ta labari, sai ta ce, "Wato ka haye teku don ka tsinci abin da muke zuba wa awaki?"

Bayan shekara biyu muka shuka su a ɗakin gilashi na rainon tsiro, muka hana su ruwa da gangan. Masu ƙiban da na zaɓo duk suka kwanta. Na talatin da bakwai yana tsaye, kore shar. Dakta ta ɗauko tukunyar da yake ciki da kanta ta ajiye a teburina.

Aikinmu ba zaɓen kyakkyawa ba ne, ajiye abin da ba mu san ranar amfaninsa ba ne. Shi ya sa in an kawo mini sabon ma'aikaci mai in'ina, ba na saurin tsallake shi.