Lukre da Bishiyar Kan Tudu

Lukre matar yayana ce, kuma tun ranar da yayan nawa Frane ya kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta faɗi gaskiya a kan kifi ba. A kan komai za ta gaya maka gaskiya, har wadda ba ka nema ba. Amma ka tambaye ta inda ta kamo na yau, sai ta nuna maka gabas alhali daga yamma ta fito.

Tare muka yi aiki a kamfanin gwangwanin sardin har aka rufe shi. Da Frane ya rasu, jirginsa na katako ya ruɓe a bakin gaɓa, mutanen tsibirinmu suka ɗauka Lukre za ta sa baƙaƙen kaya ta zauna a benci kamar sauranmu. Baƙaƙen kayan dai ta sa. Sai kuma ta je wajen masu ba baƙi haya, ta sayi tsohon kayak, ɗan kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya, mai ruwan ɗorawa. Lokacin ta haura sittin. Ba ta sayar da kifi, don ranta yana so take fita. Kayanta filafili ne, da zaren fatsa naɗe a guntun katako, da dalma. Waya kuwa a kan teburin kicin take barinta.

Abin da duk garin yake ƙyashi shi ne poshtar babanmu. Poshta wani dutse ne can ƙasan teku, inda manyan kifin nan masu haƙora suke taruwa. Daga sama ba ka ganin komai sai ruwa. Da tudu ake gane wurin. Kana tuƙi kana waiwayen gari har hasumiyar coci ta rufe farin dutsen da ke bayanta, sannan ka riƙe wannan layin har doguwar bishiyar cempres ta kan tudun Rat ta yi daidai da tsohuwar fitilar jirage. Nan za ka saki dalma. Ba a rubutawa, kuma mutum ɗaya ake gaya wa. Baba ya gaya wa Frane, Frane ya gaya wa matarsa a gadon asibiti. Ni da aka haifa a gidan ba wanda ya ga na isa, wai ni mace ce. Abin ya daɗe yana ci mini rai, a lokacin ko alama ɗaya ban sani ba.

Ana nan sai wani mutumin Zagreb, babban birnin ƙasarmu, ya sayi tudun Rat zai gina gida, kuma daidai gindin bishiyar ya zaɓa zai haƙa wurin ninƙaya. Lukre ta ɗaura ɗankwali ta hau ta same shi. Mutumin kirki ne, har kujera ya ba ta.

"Teta, bishiya ce fa kawai," in ji shi, teta kuwa goggo ke nan a bakinmu. "Zan dasa miki goma a madadinta."

"Goman ba za su tsaya inda wannan ta tsaya ba."

"To wai me take yi miki?"

Nan ta maƙale. In ta faɗi amfanin bishiyar, ta tona rabin asirin da bakinta. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Tsuntsaye ne ke kwana a kanta."

Magina sun ji. Kafin ta sauko daga tudun, maganar ta isa teburin masu shan kofi na bakin gaɓa. Barba Roko, wato kawu Roko, tsohon masunci da ya yi rabin rayuwarsa yana bin sawun Frane a banza, ya ajiye kofinsa ya ce, "Lukre da tsuntsaye? Matar da ke jifan tsuntsun teku da takalmi in ya matso kusa da bokitinta? Ku dai ku duba bishiyar nan da kyau." Haka ta je ceton bishiya ta dawo ta sanar da gari cewa alama ce.

Dabararta ita ce ta fita kafin a sare, ta tsaya a kan poshtar ta zaɓi wata alama a tudu. Sai iskar arewa ta taso, irin wadda ke ɗauke tufafi daga igiya ta kai su Italiya, ta ƙi kwanciya. Kayak ba ya shiga wannan ruwan. Jirgin ɗana Dinko kuwa yana shiga, inji biyu gare shi, da na'urar da ke nuna ƙasan teku kamar talabijin. Ya zo har kicin ɗinta, ina biye da shi.

"Teta, gobe ki hau jirgina ki kai ni wurin, in danna maɓalli ɗaya. Ko an sare bishiyoyin tsibirin nan kaf, yana cikin na'ura."

"Na'urar wa?"

"Tawa mana."

"Taka ce yau. Gobe ka ɗan sha ka nuna wa abokinka, jibi wurin yana wayar kowane Bajamushe ɗan yawon buɗe ido daga nan har birnin Split. A ƙarasa kifin a bazara ɗaya, a bar mini dutse."

Raina ya ɓaci, na ce, "Lukre, ɗana ne fa. Jikan mai poshtar."

"Shi ya sa ban kore shi da tsintsiya ba, Tonka. Ku sha kofinku."

Iskar ba ta kwanta ba sai da aka sare bishiyar. Muna jin ƙarar zarto daga gari. Lukre tana tsaye tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Layi ɗaya ya rage mata, na hasumiyar coci, kuma layin yana da tsawo. Ta koma ga dabarar kakanni: ta shafa sabulu a gindin dalma ta saki, ta jawo ta duba abin da ya manne. In yashi ne ta matsa gaba. Haka ta yi ta yi tun farkon bazara. Masu inji suna ta kewaya gaban Rat da na'urorinsu, su ma nema suke, amma ba su san layin farko ba. In ta hango suna leƙenta, sai ta bar layin ta je ta zauna a kan yashi tsagwaronsa, rana na dukanta, tana jan zare kamar mai fama da babban kifi, har su gaji.

Ta rame, kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa sosai. Kullum da 'yan ƙananan kifi take dawowa, barba Roko yana jiranta.

"Lukre, yaya tsuntsayenki?"

"Suna gaida matarka. Sun ce har yanzu na gwangwani kake kai mata?"

Ni tsoro nake ji. Na gaya mata wata rana kayak ɗin zai dawo shi kaɗai, ta ce in ya dawo in wanke shi da ruwan famfo, gishiri yana cin roba.

Wata safiya bayan an gama tsinkar inabi, ta shigo gaɓa kayak ɗin ya ɗan nutse fiye da kullum, da jiƙaƙƙen buhu a tsakanin ƙafafunta. Roko ya miƙe ya ce me aka samu. Ta ce ba komai, ruwa ya mutu yau. Ta wuce shi tana rinjaya gefe ɗaya saboda nauyin buhun.

Washegari ta naɗe kifi guda mai haƙora a tawul ta hau Rat, ta ce in raka ta. Mutumin Zagreb ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ita kuwa ta tsaya tana kallon bututun hayaƙin sabon gidan, wani ƙato mai jan kai da duk garin ke zagi.

"Ɗana, wannan bututun ya yi kyau," in ji ta. "Kada ka taɓa shi. Ko fenti kada ka sake masa."

Da muka sauko ba gida ta nufa ba. Ta ari kayak mai cin mutum biyu, ta ce in shiga. Na ce rabona da teku tun ina budurwa. Ta ce ai ba tuƙi za ta sa ni ba, in zauna in buɗe ido. Muka yi nisa har gari ya ƙanƙance, sannan ta ajiye filafili a cinyarta.

"Waiwaya. Dubi can, ki dubi can. Wurin nan na babanku ne, Tonka. Na ga kan mutum ɗaya da bishiya ɗaya sun yi masa kaɗan." Ta miƙo mini zaren. "Amma ranar da ya shiga na'urar Dinko, zan taso daga kabari."

Na saki dalma, na ji ta taɓa dutse, sai hawaye. Ta bar ni na gama.

Da yamma Dinko ya tambaye ni ina muka je, na nuna masa gabas. Ku ma masu karatu, in kun zo tsibirinmu kuna auna hasumiyar coci da bututun mutumin Zagreb, ku taho da hula, don rana kawai za ku sha. Alamomin da na faɗa muku ba su ba ne.