Ranar da na ba kakana naman shanu

Duk wanda ya ce muku laya ce ta hana kakana cin naman shanu, bai san komai ba. Haka ake faɗa a gidanmu a Lafia, haka ake faɗa a unguwa: wai kafin ya tafi yaƙin Burma wani boka ya ɗaura masa abin da harsashi ba ya huda shi, da sharaɗin duk ranar da ya kai naman sa bakinsa, ranar zai faɗi. Har liman ya taɓa yi masa nasiha a kan haramta wa kai halal. Amsar kakana kawai ita ce, "Malam, ban ce haram ba ne." Ni na san gaskiyar, amma hanyar da na bi na san ta ba abin alfahari ba ce.

Shekarun baya, ina aji huɗu a sakandare, mahaifiyata ta ɗora mini tukunyar Kaka. Wata 'yar ƙaramar tukunya ce da ludayinta daban, ba ta taɓa ganin naman shanu ba. Kowa girki ɗaya, ni biyu. Ga shi ba ni da haƙuri, ga shi na fara karanta kimiyya ina ganin na fi duk gidan wayewa. Shi kuwa tsohon, ya ba tamanin baya, kullum yana kan kujerarsa a ƙarƙashin mangwaro yana tsokanata.

"Amarya, yau ma da rana tsaka za a ba ango karin kumallo?"

"Angon da ba haƙori? Ka jira."

Washegarin wata Babbar Sallah aka kawo kasonmu na watanda, saniyar da 'yan unguwa suka haɗu suka yanka. Gida ya cika da ƙamshin suya, aka ce ni in je in nemo masa naman akuya. Na ce a raina yau zan kawo ƙarshen camfin nan. Na yanki tsoka mai laushi, na daddatsa ƙanana, na zuba a miyar agushinsa, na kirɓa masa sakwara.

Ya cinye tas, har yana suɗe yatsa.

"Yau kam amarya ta yi abin kai," in ji shi.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina! Na tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "To Kaka, naman shanu ka ci. Ga ka nan garau. Ina layar?"

Mahaifiyata ta saki tsintsiya tana salati. Shi kuwa ya daɗe yana kallon kwanon, ya wanke hannunsa a hankali, ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki.

Kwana uku bai fito gindin mangwaro ba. Koko kawai yake sha. Mutanen gida na jiran ya faɗi, ni kuma abin da ya fi damuna shi ne in na kai masa kokon sai ya ce, "Na gode," kamar baƙuwa. Babu amarya, babu tsokana. Rana ta uku bayan la'asar na kasa daurewa, na bankaɗa labulensa.

"Kaka, in duka ne ka dake ni. In laya ce ka faɗa mini inda ake gyara ta."

Ya ce, "Zauna, sarkin gaggawa."

Ya ja wandonsa ya nuna mini wani rami a cinyarsa, babban yatsa zai shige.

"Ga aikin layar taki. Harsashi ne."

Ya ce suna cikin dajin Burma, ruwan sama ba ya tsayawa, ƙafa har ruɓewa take a takalmi, Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna aka watse, harsashi ya same shi ya suma. Ya farfaɗo ya ji shi a bayan wani. Ba namu ba ne, sojan Indiya ne daga rundunar da ke kusa da tasu, siriri kamar muciya. Ba ya jin yaren Kaka, Kaka ba ya jin nasa. Abincin da suka samu ɗaya ne, wani ƙunshi da jirgi ya jefo ya maƙale a bishiya, kuma duk gwangwanayen naman shanu ne.

"Su kuwa mutanensa, saniya kamar uwa take a wurinsu. Sai ya fasa gwangwanin da wuƙar bindiga, ya kau da fuska, ya riƙa ɗiba da hannunsa yana ba ni a baki. In na tura masa sai ya girgiza kai."

Na ce, "To shi me yake ci?"

"Tohon gora. Da gishirin garin Awe da uwata ta ƙulle mini a tsumma ranar da zan tafi. Ya lasa, ya sha ruwa, ya sake goya ni. Kwana huɗu."

A rana ta huɗu suka iso wani kogi, suka tarar da namu suna tsallakar da masu rauni a kan gorar da aka ɗaɗɗaure. Yana ɗora Kaka sai harbi ya tashi daga bayansu. Da akwai wurin da zai hau. Bai hau ba. Ya karɓi harsasan Kaka ya haɗa da nasa, ya koma bayan wata bishiya.

"Muna tsakiyar ruwa ina jin bindigarsa. Kafin mu kai gaci ta yi shiru."

Ya ce ko sunansa bai riƙe ba, ya faɗa masa sau da yawa harshe ya ƙi ɗauka. Bai san garinsu ba, bai san irin addu'arsu ba. Sai ya ce abin da mutumin nan ya bari da yunwa a cikinsa, shi ma ya bar masa.

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Laya ta fi musu daɗin ji. In na ce don wani Ba'indiye nake yi, sabon wa'azi zan sha."

Ina kuka na tambaye shi ko na lalata masa ke nan. Ya ce alkawari wanda ya ɗauka ne kaɗai ke iya karya shi, shi kuwa bai sani ba ya ci.

"Abin da ya kwantar da ni daban ne. Daɗi na ji. Shekara sittin da ɗoriya, ashe bakin nan bai da kunya." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da hularsa. "Tashi ki kawo mini shayi, amarya, kin cika mini ɗaki da majina."

Daga ranar ban ƙara barin kowa ya taɓa tukunyar nan ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu. Har yau in na wuce gindin mangwaron da hantsi sai in ji kamar za a tambaye ni karin kumallo. Haƙuri dai ban koya ba, kada in yi muku ƙarya. Na dai daina taɓa abin da mutum ya keɓe don kawai ban gane dalilinsa ba.

Makon jiya na ji 'ya'yan yayana suna ba abokansu labarin layar, har an ƙara cewa Kaka ɓacewa yake yi. Laifina ne, ni kaɗai ya faɗa wa na kuma zauna a kai. Don haka ranar Asabar zan shiga mota zuwa Awe in sayo gishiri. Ranar watandar bana zan sauko da 'yar tukunyar in dafa akuya, ni ba zan ci na shanu ba. In tara su a gindin mangwaro, kowa ya lasa gishirin, sannan su ji wanda ya goyo kakansu.