Hannun da Inna Ta Ɓoye a Mayafi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin ɗaliban da na koyar bara, amma ranar da jirgin sama ya zame da ni da surukata a kan titin sauka, wannan kam ba zan manta ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Ba tsoron da na ji ne ya sa ba. Abin da ya biyo baya ne ya zauna mini a zuciya.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal. Matata 'yar wani ƙauye ce a wajen Fakku ta ƙasar Kebbe, gidan noma da kiwo tun kaka da kakanni. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tsohuwa ce siririya mai kunya irin ta mutanen da. Shekara da shekaru ina auren 'yarta, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, ban kuma taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je gaisuwa, ina durƙushe a ƙofar ɗaki, ita tana ciki ta ba ni rabin baya. In tana da magana da ni sai ta nemi ɗan aike, ko da jaririn goye ne, ta ce, "A ce ma Malam ya sha ruwa." Har na ɗauka a raina ko dai ba ta yi da ni ne, haƙuri kawai take yi saboda 'yarta.

Babban ɗanta fataucin shanu yake yi a kudu. Da matarsa ta haifi tagwaye, ya kafe sai Inna ta zo ta ga jikokinta, kuma ya ce ba za ta sha wahalar mota ba, jirgi za ta hau. Matata ce ya kamata ta raka ta, to tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Sai ƙuri'a ta faɗo kaina, domin na taɓa hawa jirgi sau ɗaya tak, na kuma cika gari da labarinsa har mutane suka ɗauka ni ma rabin matuƙi ne. Bakin mutum shi ke yanka masa wuya.

Zuwa bai ba mu wahala ba, don akwai kujeru babu kowa, Inna ta lallaɓa can nesa da ni ta zauna. A dawowa ne jirgin ya cika maƙil, aka haɗa mu kujera kusa da kujera, ita wajen taga, ni a damanta wajen hanya. Ta roƙi ma'aikaciyar jirgi ta bakina a canja mata wuri, aka ce babu hali. Ta manne da taga kamar za ta fita ta can. Da aka kawo ɗan burodi da lemo, ta gaya wa gilashin tagar, ba ni ba, cewa azumi take yi. Ranar kuwa ba Litinin ba ce ba Alhamis ba. Ni ma dole na haƙura da nawa, ina ji ina gani aka kwashe.

Damina ce ta yi tsakiya. Muna kusa da isowa sai matuƙi ya yi magana, ya ce hadari ya rufe inda za mu sauka, za a karkata da mu zuwa wani filin. Ba zan faɗi sunan filin ba, ba kuma zan faɗi na kamfanin ba, tunda an riga an yi sulhu. Abin da ba mu sani ba shi ne can ma ruwa bai daɗe da tsagaitawa ba, ya kwanta a kan titin kamar fadama. Tayoyi na taɓa ƙasa muka ji wani irin duka, jirgin ya yi tsalle ya sake dira, sannan ya fara tafiya a karkace, ba ya jin birki. Salati ya kaure ko'ina. Wuraren ajiyar kaya da ke bisa kawunanmu suka buɗe, jakunkuna suka yi ta zubowa.

Ni rabin matuƙi, me na yi? Na runtse ido, na dunƙule, na kama kalmar shahada ina yi ina haɗawa da sunan mahaifiyata. Na dai ji wani abu ya danne mini hula, sai kuma wani ƙara mai nauyi dab da kunnena. Da jirgin ya tsaya cikin ciyawa da taɓo, na buɗe ido na ga wani jibgegen akwati mai taya kwance a kan hanya kusa da ƙafata. Na ce Allah Ya tsare, da a kaina ya sauka da tuni an fara neman likkafani.

Aka fitar da mu ta wata robar iska da ake zamewa a kai. Ma'aikatan lafiya suka zo suna bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ɗan ƙwarzane na samu a ƙwauri, amma yadda na nuna shi sai ka ce ƙafar za a yanke, har sai da aka manna mini filasta. Da aka zo kan Inna, wata yarinya ta tambaye ta da Turanci ko tana jin ciwo wani wuri, ni na fassara. Tana tsaye cikin taɓo, takalmi ɗaya ya ɓace, ta lulluɓe hannuwanta cikin mayafi. Ta dubi ƙasa ta ce, "A ce musu lafiya lau nike. Allah Ya kiyaye, mi za a nema kuma?" Na fassara musu haka, suka wuce gaba. Na ga tana rawar jiki, na ɗauka sanyi ne.

Daga nan kamfanin ya zuba mu a mota. Muka sha doguwar hanya zuwa Tambuwal, washegari kuma ƙanin matata ya ɗauke ta a babur zuwa ƙauye, don ta ƙi kwana biyu a gidan suruki. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san abin da nake nufi. Har yau in na tuna ta hau babur a wannan hanya cikin halin da take, sai tsigar jikina ta tashi.

Ba a jima ba matata ta sauka, aka samu ɗa namiji. Inna ta zo wankan jego kamar yadda ta saba. Ungozoma ta naɗe jariri ta miƙa mata, sai Inna ta karɓe shi da hannun hagu, ta tallafe da gwiwa. Wannan fa matar da in jikanta ya miƙo mata ko allura da hagu sai ta mayar da shi ya sake. Matata, da ɗanyen jikinta, ta taso ta yaye mayafin. Hannun dama ya kumbura daga gwiwar hannu zuwa wuyansa, ya yi baƙi, an shafe shi da man shanu an ɗaure da tsumma. Matata ta fashe da kuka, Inna kuwa faɗa take mata wai mai jego ba ta kuka.

Maɗorin da muka fara kai ta wurinsa mutum ne mai gaskiya. Yana taɓawa ya ce wannan ya wuce kara da tsumma, ƙashin ya farfashe, a tafi asibiti. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin ya fara haɗewa a karkace, in ba a yi aiki an sa ƙarfe da wuri ba hannun zai shanye. Hannun da take tatsa da shi, take dama fura, take wanke jikoki. Aikin kuwa ya fi ƙarfina da na babban ɗanta a lokacin, sai dai a sayar da shanunta, ita kuma ta ce gara hannun ya tafi da a taɓa abin da za ta bar wa marayun ƙaramin ɗanta da ya rasu.

Wani abokina lauya ya ce ai kamfanin jirgin ya yi shela, duk wanda ya ji rauni ya zo a yi masa magani a biya shi diyya. Nan ma aka sha daga da Inna. Ta ce abin da Allah Ya ƙaddara ba a karɓar ladansa a hannun mutum. Sai da yayanta, limamin ƙauyensu, ya zo ya zauna da ita, ya ce mata ba ƙaddara za ta sayar ba, wanda ya ɗauki amanar mutane ne zai gyara abin da ya ɓaci a hannunsa. Ta yi shiru, muka ɗauki shirun a matsayin yarda.

Ranar zama da kamfanin, muka je ni da ita da matata da lauya. Ta ɓangaren kamfani akwai wata mata mai natsuwa, Bahaushiya, da likitansu. Ba su yi mana wulaƙanci ba, amma maganarsu tana da ƙarfi. Sun ce tsohuwar nan da ƙafarta ta fita, da bakinta ta ce lafiya lau, surukinta ne ma ya fassara. Likitan ya ƙara da cewa irin wannan karaya duka ne mai nauyi, kuma mai zama wajen taga da ɗamarar kujera a ƙugu ba inda kaya zai same shi haka. Aka tambaye ta yadda abin ya faru, ta ƙi magana. Aka sake tambaya, ta ce ita dai a jirgi ta samu. Lauya ya dube ni, ni kuwa idona a rufe yake lokacin da abin ya faru. Na ga hannun Inna yana kuɓuce mana ina zaune, raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji haushinta.

Sai likitan ya ce, cikin lallashi, ko dai bayan ta koma gida ne wata saniya ta harbe ta wajen tatsa? Ai ba abin kunya ba ne. Wannan ce maganar da ta ɗago kan Inna. A kira ta maƙaryaciya ta iya haɗiyewa, amma a yi wa shanunta ƙazafi? Ta ce, "Tun ina ɗiya ƙarama nika tatsa, saniya ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba." Sannan ta juya wajen matata ta ce, "A ce ma Malam ana kiran shi waje."

Babu mai kirana, kowa ya sani. Na tashi na fita na zauna a kan benci a baranda. Ban yi niyyar saurare ba, amma tagar a buɗe take, muryar Inna kuma ta fito sarai.

"Da anka buɗe wurin kayan ga, na ga akwati ya taho bisa kai nai, shi ko ya rufe ido. Sai nis sa hannu. Ɗiyata na gida da cikin haihuwa, in koma in ce mata mi? Ni hannu biyu gare ni, shi ko kai guda Allah yab ba shi."

Matar kamfanin ta tambaye ta a hankali, to me ya hana ta faɗa tun a filin jirgi? Inna ta ce, "Shi na mai fassara. In ce mishi na taɓa kan surukina?"

Na cire hulata na riƙe ina kallonta, ita ce dai wadda na ji an danne a jirgi. Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna, a barandar mutane, masinja yana wucewa yana kallona. Duk shekarun nan ina zaton matar nan haƙuri take yi da ni.

Daga baya lauya ya gaya mini yadda aka ƙare. Ashe ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ta ba su labarin wata tsohuwa da ta tare akwati da hannu, sun yi ta jiran ta zo, ba ta zo ba. Aka kira ma'aikaciyar, tana ganin Inna ta gane ta. Kamfanin ya ɗauki nauyin aikin da duk abin da ya biyo baya, shanun marayu kuma ko ɗaya bai bar garke ba. Hannun bai koma kamar da ba, ba ya miƙewa sosai, kuma in hadari ya haɗu yana yi mata tsami. Amma tana tatsa da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne har yau ban yi mata godiya ba, kuma ba zan iya ba. In na gode, ta san na ji, in ta san na ji kuwa, ina jin ba za ta sake yarda mu haɗa hanya ba. Matata ta gargaɗe ni a kan haka tun a mota. Abin da na iya shi ne, da aka sake yi mana haihuwa aka samu mace, na sa mata sunan Inna. Da labari ya kai mata, wai sai ta ce, "Malam dai ba ya rabo da neman magana."

Karo na farko da na je gaishe ta bayan an kwance mata ɗauri, na durƙusa a ƙofar ɗaki kamar kullum, ita ma ta ba ni rabin baya kamar kullum. Can sai na ga ƙwaryar fura tana matsowa ta ƙarƙashin labule, hannun dama ne ke turo ta, da tabon ɗinki a jikinsa. Babu kowa a tsakar gidan sai kaji, amma ta ce, "A ce ma Malam ya sha, da hannuna nid dama." Na sha har ƙasan ƙwarya.

Tun daga lokacin na daina auna ƙaunar mutane da yawan maganarsu. Wanda bai taɓa kiran sunanka ba yana iya ba da hannunsa saboda kanka, ya kuma ɓoye don kada ka ji nauyi. Na kuma koyi cewa in tsoho ya ce maka lafiya lau, kada ka yi saurin fassarawa ka wuce. Ka tsaya ka duba hannun da ya ɓoye a mayafi.