Jinginar da Baban Filato ya karɓa

Ko ƙwaƙwalwata ta tsufa, ba na jin zan manta shekarar da na kusa rasa gidan hayar da mahaifina ya bar mini a Ƙofar Durbi. Tsohon gida ne mai sassa uku. Na je bankin da ba ya cin ruwa suka saya mini kayan gini bashi, na sauya kwano, na sa tayil, na ja famfo. Lissafina shi ne darajar gidan za ta tashi, in koma su sabunta yarjejeniya, su tsawaita mini lokacin biya. Ni da kaina na riƙa yabon wayona.

Kafin fenti ya bushe sai kasuwar gidaje ta faɗi a unguwar, masu kuɗi duk sun karkata sababbin unguwanni. Mai kimanta gida na banki ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Hajiya, aiki ya yi kyau, amma gidan bai kai kuɗin da ake bin ki ba. Sai kin cike giɓin za a sabunta, in ba haka ba a sayar."

A sashen tsakiya akwai wani dattijo Kirista, mutumin Filato, tsohon ma'aikacin asibiti, tun zamanin mahaifina yake haya. Da labarin ya kai masa, ya yi sallama da hantsi, muka gaisa, ya ce, "'Yata, an biya ni kuɗin sallama. Ki ba ni sashena jingina, ki kai wa banki kuɗin." Jingina a wurinmu sananniya ce, mutum ya ba ka kuɗi a dunƙule, ya zauna kyauta har ranar da ka mayar masa. Na amince, aka kira shaidu, banki ya sabunta.

Da shekara ta zagayo sai ga shi da kuɗin haya cif. Na ce, "Haba Baba, ai jingina muka yi!" Ya ce, "Na tambayi limamin layinmu, ya ce a addininku cin moriyar jingina bai halatta ba. Ba zan cece ki daga banki in jefa ki cikin zunubi ba." Sai hawaye suka zubo mini. Tsoron Allah ya kama ni, don ni da ke da addinin ban yi wannan tambayar ba.

Haka ya ci gaba da biya har na mayar masa da kuɗinsa. Tun daga nan na gane cewa wanda ke ƙaunarka don Allah ba dukiyarka kaɗai yake tsare maka ba, har lahirarka yake ji maka tsoro.