Tandun Kwallin Inna

Ina da tsohon ciki na'urar ta iso ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Kankia. Cikin wani baƙin akwati aka kawo ta, ga ta kamar injin huda katako, da ɗan gilashi a ƙeya. Ka ɗora bakinta a kan abu, ka danna, ta rubuto maka ƙarafan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya zo koya mana ya ce wannan ƙaramar ce, a manyan jami'o'i akwai waɗanda ke auna abin da ko madubin likita bai isa ya gani ba. Kwana biyu ya yi yana koyarwa, ni kaɗai na zauna har ƙarshe, sauran sun bi layin abinci. Kafin ya tafi ya nuna mana wani dutse mai walƙiya, ya gwada shi, ya ce dalma ce zalla, guba ce ga ƙananan yara, kuma wani lokacin irinsa ake niƙawa a sayar a matsayin kwalli.

Yana juya baya shugaban sashenmu ya rufe akwatin da leda. Wai ba mai taɓawa sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Abin da kawai aka yarje mini shi ne duk Litinin in karɓi makulli, in goge ta, in yi cajin batiri don kada ya mutu, in mayar. Kun ji fa! Na yi karatu, na yi horo, na koma mai wanke wa na'ura fuska.

Da na haihu sai na tafi wanka gida, Bauranya, tunda haihuwar fari ce. Ni ce kuma 'yar farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke wagga". Amma jikarta? Tabɗi! Wannan ƙawarta ce. Kullum da safe ta yi mata wanka, ta ɗauko tandun fatar da ta gada wurin kakata, ta cika mata ido da kwalli, ta ja mata gira. Yarinyar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban kawo komai a raina ba sai ranar da kwallin ya ƙare, Inna ta kwance wani ƙulli ta fito da dutsen da take niƙawa. Yana walƙiya, sak na mutumin nan da ya koya mana. Amma ban da hujja sai ido.

Hutuna ya ƙare, Inna ta biyo ni Kankia don ta riƙe mini yarinya in ina wurin aiki. Tandun ya biyo ta. Kullum ina ɗaura ɗankwali ina kallon tsinken kwalli yana shiga idon 'yata, ita kuma ta murza da hannu ta kai baki.

Na je ofishin shugabanmu da ɗan kwallin a takarda.

"Yallaɓai, minti biyu kawai nake roƙo."

"Malama, ba a buɗe ta ba."

"Yallaɓai, duk Litinin ni nake buɗe ta."

"Wancan gogewa ce. In gilashin ya yi zane kafin baƙo ya zo, ke za ki yi bayani?"

Na tambaye shi yaushe baƙon zai zo. Ya ce ana nan ana shiri. Wata biyar ke nan ana shiri! Raina ya ɓaci. Na fito ban yi masa sallama ba.

Litinin na zagayowa na karɓi makulli da ƙarfe goma na safe. Ban rufe ƙofa ba, ban saki labule ba, don ba sata na zo yi ba. Na zuba kwallin a ɗan mazubi yadda aka koya mana, na ɗora, na danna. Dalma ce ta fito a saman jeri, ta danne komai. Na sake, na kuma sakewa, amsa ɗaya. Na zauna a kujera da na'urar a cinya. A haka ya shigo ya same ni.

"Malama! Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Zo ka ga abin da ake sa wa 'yata a ido."

Bai duba ba. Kafin azahar takardar neman bahasi ta iso teburina. Na amsa a layi uku, na ce na yi, da gangan na yi, kuma in an sake ba ni makulli zan ƙara. Ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, ko a jikina. A rana ta uku ya ajiye mini wata 'yar takarda a ƙudundune, yana kallon bango, ya ce kwallin maiɗakinsa ne, in duba in na samu sarari.

Shi mai sauƙi ne. Inna ce aikin.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na durƙusa na yi mata bayani a hankali. Ta yi kicin-kicin da rai.

"Ke wagga, da mi na raine ki? Ba da shi ba? Mi ya samu idonki?"

"Inna, ban ce duk kwalli ba. Wannan dutsen na ce."

"Wato ƙarfen Turawa ya hi uwarki sanin ɗiya."

Maganar ta soke ni, amma ban janye ba. Na ce mata ta yi mini duk faɗan da take so, ta zage ni in ta ga dama, amma kwallin nan ya bar idon yarinyar nan daga yau. Ban taɓa yi wa Inna magana haka ba, ita ma ta san ban taɓa ba. Washegari na goya 'yata na tafi da ita aiki, na bar Inna zaune da tandunta. Kwana uku muna haka, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na yi kuka a banɗakin ofis, amma kullum da goyona nake fita.

Ranar Litinin sai na ga Inna ta yafa mayafi ta riga ni bakin ƙofa.

"Mu je in ga abin nan da ke raba ni da ƙawata."

Ashe da shirinta ta zo. Ta kwance bakin zane ta fito da ƙulli biyu, baƙi wuluk, iri ɗaya, ko ni ban iya bambancewa ba. Ta ce in gwada, kuma ba za ta faɗa mini komai ba. Na gwada na farko, ba dalma. Na gwada na biyu, ga ta nan a sama. Na nuna mata na biyun, na ce wannan ne na tandu.

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Na farkon, in ji ta, baƙin gindin tukunya ne ta kankaro da asuba ta niƙa, don ta kama ƙarfen da ƙarya a gabana. Sai ta rage murya, ba ta dube ni ba.

"Ƙannenki biyu da suka koma suna goye... shi ne?"

Wallahi na so in ce a'a. Amma ban sani ba, kuma ban kawo ta nan don in yi mata ƙarya ba.

"Inna, na'urar ba ta faɗin wannan. Abin da ke cikin dutse kawai take faɗi."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro tandun, ta zazzage kwallin kaf a takardar da ke kan teburi, ta buga gindinsa har sau uku, ta mayar da shi bakin zane babu komai ciki. Ta ce in kwance mata ƙawarta ta goya, su tafi gida.

Bayan wata biyu muka je suna Bauranya. Mata sun cika ɗaki, yarinya na yawo hannu zuwa hannu, sai tsiya ta tashi. Wannan ta ce idon ɗiyar ma'aikata fari fat kamar mai jinya, waccan ta ce boko ya hana mu gyara yara. Ina buɗe baki in rama, sai gwaggona ta zaro nata kwallin daga jaka ta gyara wa yarinyar kwanciya a cinya. Kafin in yunƙura Inna ta riga ni. Ta riƙe wuyan hannun gwaggo gam, a gaban kowa.

"Mayar da shi jaka."

"Yaya, ke ma kin bi ta ɗiyarki?"

"Ba ita ta hana ba," in ji Inna. "Ni na hana. Duk mai magana ta yi da ni."